Yadda ɗalibi mai aiki zai tsara kuɗinsa tun kafin ranar biya ta zo

Duk wanda ya zauna cikin ɗalibai a unguwannin Yelwa ko Gwallameji da ke Bauchi ya san yadda makon rufe rajista yake. Waya ba ta hutawa. A kira kawu, a kira yayan da ke Abuja, a tura saƙo ga wanda aka shekara ba a gaisa ba, daga ƙarshe a kai kwamfuta jingina ko a karyar da waya. Abin da ke damuna shi ne, da yawa cikin masu wannan fafutuka ba zaman kashe wando suke yi ba. Wani na koyarwa a makarantar kuɗi da safe, wata na ɗinki a ɗakinta, wani na zaman shagon POS har goman dare, wani na jan Keke Napep ranakun da babu lacca. Kuɗi na ratsa hannunsu kowane wata, amma ranar da babban biya ya taso sai a tarar babu ko sisi.

Galibi ba almubazzaranci ke jawo haka ba. Lissafin ne ake yinsa wata-wata, alhali makaranta da mai gidan haya a dunƙule suke karɓar nasu, sau ɗaya a shekara. Sau da yawa kuma lokacin biyan yakan biyo bayan jarrabawa ko dogon hutu, daidai sa'ad da samun ɗalibi ya ja baya. Don haka tsarin da zan shimfiɗa a nan na shekara guda ne, ana farawa daga ranar biya a dawo baya zuwa yau. Da Bauchi zan riƙa misali, amma ɗalibin Jami'ar Jihar Gombe ko na Jami'ar Tarayya ta Kashere babu abin da zai sauya sai sunayen unguwanni da kasuwanni.

Fara da kalanda

Sayi littafin rubutu na musamman, kada ka haɗa shi da na lacca. Buɗe shafi biyu na tsakiya ka ja layi ka fitar da gida 12, ka fara da watan da kake ciki. Waya na iya lalacewa ko a sace ta, shi ya sa na fi son takarda ga wannan aikin.

Da jan biro, rubuta kowane babban biya a gidan watan da zai faɗo. Kuɗin rajista, tare da cajin Remita, wato kafar biyan kuɗin makaranta ta intanet, da abin da mai shagon intanet zai karɓa ya fitar maka da lambar biya ya buga takardu. Kuɗin sashe da na tsangaya da na ƙungiyar ɗalibai. Ranar da hayarka za ta ƙare, ko ranar da ake buɗe neman ɗaki a cikin makaranta. Kuɗin motar zuwa gida da dawowa. Azumi da Sallah biyu, ka tuna kowace shekara suna matsowa da kimanin kwana 11, don haka kada ka kwafi watan bara. In kai Kirista ne, Kirsimeti da Ista. In an riga an sa ranar bikin ɗan'uwa ko aminiya, shi ma ya shiga, domin anko da gudunmawa ba bazata ba ne, an san da su tun da aka kai kuɗin gaisuwa.

Kada ka manta da fita koyon aiki. A Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU), yawancin masu kwas na shekara biyar a aji huɗu suke tafiya koyon aikin, wanda ake kira SIWES, na wata shida. A kwalejin kimiyya da fasaha kuwa, ko ta tarayya da ke Gwallameji ko ta jiha, wato Tatari Ali, akwai na wata huɗu bayan shekarar farko ta difloma, sannan shekara guda kafin a koma babbar difloma. Wannan lokacin na iya raba ka da aikin da kake samun kuɗi da shi, ga kuɗin mota kullum, wataƙila har da haya a wani gari. Alawus ɗin da ake bayarwa kada ya shiga lissafinka sai ranar da ka ga alat.

Yanzu ɗauki shuɗin biro ka yi alama a watannin da samunka ke raguwa. Makonnin jarrabawa ne kan gaba. Malamin makarantar kuɗi ya tambaya tun yanzu ko ana biyan albashin dogon hutu, domin wasu makarantun ba sa biya, kuma yaran da kake wa lesin a gida su ma tafiya hutu suke yi. Tela ya san kasuwarsa na cika kafin Sallah ta mutu bayanta. Mai hotokofi ko sayar da abinci a ƙofar makaranta ya san ranar da ɗalibai suka watse ciniki ya watse. Inda ja da shuɗi suka haɗu a gida ɗaya ko suka yi maƙwabtaka, nan ne ramin da kake faɗawa kowace shekara. Ganinsa a takarda shi ne rabin aikin.

Nawa kake samu da gaske?

Yawancinmu in an tambaye mu samunmu, watan da ya fi kyau muke faɗa. Kai duba watanni shida da suka wuce, ka ɗauki wanda ya fi ƙanƙanta a cikin watannin da ka yi aiki sosai, ka gina tsarinka a kansa. Abin da ya haura haka a wata mai albarka ƙari ne, kuma za mu zo kan inda zai tafi. Kuɗin da kawu yakan aiko in ya tuna, da alkawarin wani babba, duk a bar su a waje.

Mai sana'ar kansa yana da ƙarin aiki a nan, kuma a nan ne na ga ɗalibai da yawa sun durƙushe. Kuɗin da ke cikin na'urar POS jari ne. Kafin alƙalamin da mai kaya ta ba ki na shafi da zare da dutse ba naki ba ne sai ranar da kika miƙa mata ɗinkinta. Manomi ko yunwa ta kai ina ba ya dafa irin shuka, haka jari yake. Buɗe wa sana'ar asusunta daban, ka yanka wa kanka albashi, ka riƙa biyan kanka rana ɗaya a mako ko a wata, kamar yadda za ka biya yaron shago. In kuma kai ne yaron shagon, ka san duk giɓin da aka samu daga albashinka za a cire. Kowane dare kafin rufewa ƙirga tsabar da ke aljihun tebur, ka gwada da abin da na'ura ta nuna da abin da ka rubuta. Kada ka miƙa wa kowa kuɗi don ya nuna maka fuskar wayarsa, sai ka ga shigarsu a naka ɓangaren.

Rabon kuɗin

Ga misali da lambobi, ka cire nawa ka sa naka. A ce kana koyarwa ana ba ka naira 40,000, lesin na yamma kuma na kawo 20,000, jimla 60,000. A ce cikin shekara wata 10 kake samun haka, biyu kuma kusan babu. Abin da ka rubuta da jan biro a ce ya kama haka: rajista 90,000, rabonka na haya 70,000, kuɗin sashe da takardun darasi 20,000, tafiya gida da hidimar Sallah 30,000, gyara ko canjin waya 30,000. Jimla 240,000.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba wannan gida 12 a ce 20,000 a wata. A'a, raba shi da watannin da kake samu, wato 10. Ya zama 24,000. Wannan kuɗin ranar da albashi ya shigo yake fita, kafin ka sayi ko katin waya. Ba ragowar ƙarshen wata ake tarawa ba, domin wata ba ya barin ragowa.

Saura 36,000. Cire 3,000 na ko-ta-kwana: zazzaɓin cizon sauro, haƙori, rasuwa da za ta sa ka tafiya ba shiri. Cire abin da kake taimaka wa gida da shi, a ce 5,000. Saura 28,000 na ci da sha da mota da data. Kada ka raba shi gida huɗu, wata ya fi mako huɗu da kwana biyu ko uku, kuma a waɗannan kwanakin ne ake fara cin bashin mai shayi. In ka ware 15,000 na kayan abinci a dunƙule da 3,000 na data, abin da ya rage 10,000 ne, wato kimanin naira 330 a rana. Na san ba yawa. Amma gara ka ga wannan lambar yau ka nemi dabara da ka gano ta ranar 18 ga wata.

Watanni biyun nan da babu samu su ma ana cin abinci a cikinsu. Nan ne ƙarin da ka samu a watanni masu albarka zai tafi. Tela da ya kwana uku bai runtsa ba kafin Sallah, ribar nan ita ce abincinsa na makonnin jarrabawa, kada ta ƙare a sabuwar waya.

Akwai wani abu kuma. Shekarar farko ta fi wuya, domin ba ka da wata 10 a gabanka. In rajista saura wata biyar, 90,000 ɗin nan gida biyar za ka raba, 18,000 kenan a wata don ita kaɗai. Sai ka jera biyan bisa kusancinsu, ka fi zuba wa na kusa, na nesa ya ɗan jira. Da ka tsallake zagaye ɗaya, na biyu zai zo da sauƙi.

Inda za a ɓoye shi

Kuɗin da kake gani duk sanda ka buɗe waya, kashe shi za ka yi. Buɗe asusu na biyu da ba ka da katinsa, kuma kada ka sa manhajarsa a wayar da kake yawo da ita. In kana gudun kuɗin ruwa, akwai bankunan da ba sa mu'amala da shi, irin su Jaiz da TAJ. Wasu kan ba mahaifiya ko yaya ajiya. Yana da kyau in mutumin mai iya ce maka a'a ne, kuma in ba za a taɓa ajiyar don wata larurar gida ba. Ka san gidanku, ka yi wa kanka gaskiya.

Adashi kuwa, in an iya shi, babu abin da ya kai shi ga ɗalibi, domin kunyar mutane kan sa ka zubin da ba za ka yi don kanka ba. Amma a shiga da ido buɗe. Tun ranar da ake tsara layi ka nemi kwasarka ta faɗo wata guda kafin rajista ko ƙarewar haya. Kwasa ta farko tana da daɗi, sai dai bashi ce, za ka kashe kuɗin a abin da bai kai ba sannan ka yi ta zubi babu abin jira. Duba su wane ne a ciki. In akwai 'yan ajin ƙarshe, tabbatar adashin zai ƙare kafin su gama su bar gari, ko kuwa kwasarsu ta zama a ƙarshe. Uwar adashi ta zama wadda aka san gidansu ko shagonta, ba lambar waya kawai ba. A rubuta sunaye da ranaku da adadi, kowa ya ɗauki hoton takardar. Kuma kada zubinka ya wuce abin da za ka iya a watan da ya fi muni. Mutum goma masu zuba 10,000 sun fi mutum biyar masu zuba 20,000 da biyu za su fara ɓuya a wata na uku. Masu zagayawa karɓar zubin kullum a kasuwa yawanci suna ɗaukar zubin rana ɗaya a wata a matsayin ladansu, ka san da wannan kafin ka fara.

Ciki, ɗaki da hanya

Abinci shi ne wurin da tsari ya fi saurin nuna amfaninsa. Sayen gwangwani-gwangwani a shagon unguwa ya fi tsada nesa ba kusa ba. Ku haɗa kai ku uku ko huɗu, ku shiga kasuwar Muda Lawal ko ta Wunti sau ɗaya a wata, ku sayi mudu-mudu ku raba, kuɗin Keke ma a raba. Na Gombe su nufi kasuwar Tudun Hatsi. Ka tsaya a auna a gabanka, ka sa hannu cikin buhun wake ka juya ka ga ko akwai huda ko gari a ƙasa. Shinkafa 'yar gida, wake, garin masara, garin kwaki, taliya, manja, man gyaɗa, kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, barkono, ƙuli-ƙuli: da waɗannan a ɗaki ba za ka kwana da yunwa ba ko aljihu ya bushe.

In da hali, sa babban sayen hatsi a kalandarka lokacin kaka, daga Oktoba zuwa Disamba, sa'ad da sabon amfani ya shigo kasuwa. Yawanci farashi kan hau in an shiga bazara zuwa tsakiyar damina. Wake in ya bushe sarai, zuba shi a jarka mai tsabta wadda ba a taɓa sa fetur ko kalanzir ba, cika ta har wuya, sa leda a bakin ka murɗa murfin tam. Rashin iska ke kashe ƙwarin, ba sai ka sa magani ba. In gidanku ana noma, kada ka ji nauyin roƙon rabin buhun masara maimakon kuɗi. Sau da yawa ya fi wa iyaye sauƙi.

Mai aiki da karatu lokacin girki yake rasawa, daga nan sai cin waje ya cinye shi. Dafa sau ɗaya bayan Asuba, ka zuba na rana a kula ka tafi da shi. Masar Bauchi ba abar rainawa ba ce, ni ma ba zan ce a bar ta ba, amma a mayar da ita ta ranar Juma'a ko Lahadi.

Wajen ɗaki, kada arhar haya ta ruɗe ka. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hawa ya zama babban kashi a lissafin kowa. A ce ɗaki mai nisa zai sa ka kashe 600 kullum zuwa da dawowa, kwana biyar a mako, mako 30 na karatu. Naira 90,000 kenan a shekara, ban da lokacin da ka ɓata a hanya. Ɗalibin ATBU da laccocinsa ke harabar Gubi da ke bayan gari amma aikinsa na cikin gari ya zauna ya auna wannan sosai, domin shi tafiya biyu ce a kansa. Kafin ka biya, tambayi waɗanda ke gidan, ba dillali ba: rijiyar na ƙafewa a Maris da Afrilu? In tana ƙafewa, kuɗin 'yan garuwa ya shiga lissafi. Yaya ake raba kuɗin wuta? Akwai bashin wuta da na baya suka bari? Ladan dillali nawa ne? Kuma duk abin da ka biya, karɓi rasit.

Data ta ƙara tsada tun da hukumar sadarwa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a farkon 2025. Sayi ta wata, kashe bidiyo mai kunna kansa. Cirar kuɗi ma a yi ta sau ɗaya a mako, kowace cira da cajinta.

Mutanen da za ka yi wa magana da wuri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da jadawalin jarrabawa ya fito, ko ma kafin nan, sami ubangidanka a natse: "Alhaji, wata mai zuwa za mu fara jarrabawa, mako uku za ta ɗauka. Ina neman alfarma in riƙa zuwa bayan La'asar, ga wanda zai riƙe mini safiya, na yarda da amanarsa." Wanda aka gaya wa da wata guda a gaba yakan yi haƙuri. Wanda ya buɗe shago ya ga ba ka zo ba, wani zai nema. Kuma kada ka sayar da lacca don ciniki. Makarantu da yawa na neman halartar kashi 75 cikin 100 kafin a bar ka ka zauna jarrabawa, kuma babu asarar da ta kai ƙarin shekara: sabuwar rajista, sabuwar haya, ga shekarar albashi da ka rasa.

Gida ma a yi magana. Da an ji ka fara aiki, buƙatu za su fara zuwa, kuma hakkinsu ne a kanka gwargwadon hali. Abin da ke kawo saɓani shi ne rashin sanin iyaka. Ka ce: "Umma, in sha Allahu kowane wata zan riƙa aiko da dubu biyar. Watan rajista ne kawai ba zan iya ba, na faɗa tun yanzu don kada a sa rai." Uwa ta fi kowa son ka gama karatun nan. Ƙanwata, ke ma ba kowane anko ne dole ba. Zaɓi na waɗanda suke naki na jiki, sauran ki je da kayanki masu kyau da gudunmawar da kika iya.

Mai gidan haya kuma, in ka hango ba za ka cika ba, je masa wata biyu kafin lokaci da rabin kuɗin a hannu: "Baba, ga wannan, ragowar ƙarshen watan gobe in Allah ya yarda." Magana da kuɗi a hannu daban take da magana hannu rabbana.

Abokai masu "ranta mini zuwa Juma'a" ba za su ƙare ba. Kada ka ba da rancen abin da in bai dawo ba zai hana ka rajista.

In lissafin ya ƙi haɗuwa

Wani lokaci ka rage duk abin da za a rage, amma abin da ka rubuta da jan biro ya fi ƙarfin samu. To, ka gano da wuri, kana da lokacin neman mafita mai mutunci.

Akwai asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024 ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati. Babu ruwa a kansa. Kuɗin makaranta kai tsaye ake tura wa makarantar, wanda ya nemi na ɗawainiya kuma ana ba shi naira 20,000 a wata. Za a nemi lambar JAMB da NIN da BVN da lambar ɗalibtarka, don haka ka tabbatar sunanka da ranar haihuwarka iri ɗaya ne a dukkansu tun kafin a buɗe. Ana fara biya shekara biyu bayan gama bautar ƙasa, ana cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Bashi ne, ba kyauta ba, ka ɗauke shi da niyyar biya. Shawarata, in ka samu, kada ka daina tara 24,000 ɗin nan gaba ɗaya. Ci gaba da tara na haya da sauran, kuma ka riƙe wani abu a gefe ko da ranar rufe rajista za ta riga kuɗin isowa. Ka kuma riƙa bibiyar hukumar tallafin karatu ta jiharku, takardar shaidar ƙaramar hukuma da sakamakonka su kasance a shirye.

Abu biyu nake roƙonka ka nisanta. Manhajojin rance na waya masu ba da kuɗi cikin minti biyar: ruwansu mai nauyi ne, wa'adinsu gajere, kuma an sha ganin masu aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayar wanda ya makara. Sai cacar ƙwallo, da duk wata harka da aka ce ka zuba dubu goma ta zama ashirin a mako. Kuɗin rajista da yawa sun tafi ta nan, kuma masu su ba wawaye ba ne, matsuwa ce ta sa suka gaskata.

Kowane mako ware minti goma, a ce daren Lahadi, ka buɗe littafin. Me ya shigo, me ya fita, ajiya ta kai nawa, wane jan rubutu ne ke tafe. In ka taɓa ajiya, rubuta nawa da ranar mayarwa. In farashi ya tashi, gyara lambobin, kada ka yar da littafin.

Yajin aiki da shekarar ƙarshe

A 2022 malaman jami'o'i sun yi yajin aiki daga Fabrairu zuwa Oktoba, wata takwas, haya kuwa ba ta tsaya ba. In irin haka ta sake faruwa, kada ka ɗauki kuɗin rajistar da ka tara a matsayin kuɗin da ya rasa aiki. Ranar da aka janye, kalandar makaranta a matse take dawowa, biyan da kake zaton ya yi nisa sai ya zo a kusa. In sana'arka ba ta dogara da ɗalibai ba, lokacin yaji lokacin ƙara aiki ne da cika asusu. In ta dogara da su, tun yanzu ka fara neman kwastomomi a cikin gari.

Shekarar ƙarshe kuwa shafinta daban, kuma tun kana ajin da ke kafinta za ka buɗe shi. Furojet na cin kuɗi a hankali: data, zirga-zirgar tattara bayanai, kayan gwaji ga 'yan kimiyya da injiniya, buga babi a kai wa malami ya gyara a sake bugawa, sannan ɗaurin kwafi da yawa a ƙarshe. Tambayi waɗanda suka gama bara a sashenku abin da suka kashe, ka ƙara wani abu a kai. Lokacin ne kuma aikinka zai fi raguwa. Bayan jarrabawar ƙarshe akwai zagayen sa hannu na sallama, da watannin jiran kiran bautar ƙasa, wanda in hayarka ta ƙare a cikinsu dole ka san inda za ka zauna. Alawus ɗin masu bautar ƙasa ya koma naira 77,000 a 2025, amma sai ka isa sansani ka yi rajista ake fara lissafa maka. Kuɗin motar zuwa jihar da aka tura ka, wadda tana iya zama Kuros Riba ko Ekiti, da takardar shaidar lafiya, fararen kaya, takalma, da guzurin mako uku, duk daga aljihunka za su fito. In za ka shiga adashin ƙarshe a makaranta, nemi kwasarka ta dace da watan da ake sa ran fitowar takardar kira.